Gwajin Aljihun Orval Teague

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke wa mijin yayata aljihun dama, ban taɓa jin kalmar godiya daga bakinsa ba. Iyakar abin da zai ce shi ne, "Wannan karon ki ɗan ƙara masa zurfi." Sunansa Orval Teague. Ni ce Wynona, mai shagon ɗinki da ke jikin gidan waya a ɗan garinmu na kudancin Oklahoma, garin da in aka ga mota huɗu a jere sai a fara tambayar wa ya rasu.

Orval direban gireda ne na ƙaramar hukuma, shekara talatin da shida ya yi yana baje tsakuwa a hanyoyin ƙauye kafin ya yi ritaya. Aiki ne na mutum ɗaya a daji, daga shi sai macizai da aladun daji da karnukan da ba su da iyayen gida, don haka ba wanda ya taɓa tambayarsa dalilin ɗaukar bindiga. Ta farkon da ya saya ta baƙin ƙarfe ce, nauyinta ya kusa na dutsen guga. Ita ce ta ja masa wando ƙasa ranar wani cin abinci a coci, yana riƙe da faranti a kowane hannu, matar fasto na tsaye a gabansa. Yayata Ardith, Allah ya jiƙanta, mako guda ta yi ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Daga nan ta ce ya zaɓa, ko ya canza bindiga ko ya canza mata. Ya ce bindigar ta fi sauƙin samu, ya je ya sayo libarba.

Irin libarbar nan ce ta aljihu, jikinta alminiyon, tana cin harsashi biyar, a tafin hannu ba ta fi kofi cike da ruwa nauyi ba. Ba ta da ɗan ƙarfen nan na baya da ake ɗanawa da babban yatsa, an ɓoye shi a ciki don kada ya kama yadi. Wannan kaɗai nake yaba wa masu ƙera ta. Sauran aikin nawa ne: in farke aljihu, in shimfiɗa masa fata mai laushi yadda za ta rufe kunamar bindigar, in ninka ɗinkin ƙasa sau uku. Rabin mazan garin nan da aljihun da na ɗinka suke yawo, amma in ana lissafin masana bindiga ba a taɓa kawo sunana ba. Sunan Orval ake kawowa, saboda gwajinsa.

Shi dai bai yarda da mujallun bindiga ba. Ya ce marubutansu ciro bindiga suke yi fes daga kwali, su shafa mata mai, su harba ta a inuwa a kan tebur, sannan su rubuta cewa ba ta da aibu. "A haka ai ko ni ba ni da aibu," in ji shi. Nasa gwajin daban ne. Ranar ɗaya ga Janairu zai jefa sabuwar libarba a aljihu, ba gogewa, ba ɗigon mai, har shekara ta zagayo. Ta sha gumi, ta sha burbuɗin zare da ɓawon gyaɗa da ƙurar dussar shanu. Ranar sabuwar shekara, bayan an ci wake da burodin masara kamar yadda aka saba, sai jama'a su bi shi bayan garkensa. Ya zazzage harsasan, ya leƙa bututun ko wani abu ya toshe, ya mayar da su, ya auna wani tsohon kututture ya danna sau biyar. In biyar ɗin sun tashi sai ya ce, "Ta ci." In ɗaya ya yi shiru sai ya ce a kai wa masunta su ɗaura a ƙugiya ta yi musu nauyi. Kuma magana ta ƙare ke nan. A garinmu mutum kan auri matar da ya sani wata uku, amma ba ya sayen libarba sai Orval ya buɗe baki.

Ƙirar kamfani bakwai ce ta ratsa wannan aljihu. Ta kamfanin Mabry ta ci sau tara, har ya zama in ka taɓa Mabry kamar ka taɓa danginsa. Ta kamfanin Kessel kuwa sau ɗaya ya gwada, tun Ardith na da baƙin gashi. Ta yi shiru a harbi na huɗu, shi kuma ya riƙe ta a zuciya kamar ta zagi uwarsa.

Abin da ya hana maganar mutuwa shi ne Merle Dunaway, mai kantin kayan gona da bindigogi, abokin Orval tun suna firamare. Merle yana sayar da kowace iri, amma Kessel yake ɗauka. Kullum da safe suna teburi ɗaya a shagon kofi, ni kuma ina teburin baya ina jin abin da na haddace tun tuni.

"Kamfanin nan ya canza hannu sau biyu tun lokacin," Merle zai ce. "Waɗanda suka ƙera waccan duk sun mutu."

"Allah ya gafarta musu. Ni dai ban yafe ba."

"Tawa shekara goma sha biyu tana ƙuguna, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Sau nawa ka harba ta?"

"Ai ba a kai ga haka ba."

"To ni ma jirgin samana bai taɓa faɗuwa ba."

"Tsoho, sha kofinka, ya huce," in ji Merle, wato magana ta ƙare masa sai gobe.

Da haka za su mutu, in ba don Rhonda Sills ba. Ma'aikaciyar jinya ce mai zagaya gidajen marasa lafiya a ƙauyuka, ita ta yi jinyar Ardith wata biyar na ƙarshe, ta juya ta, ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai. Wata rana a wata gona da ke ƙarshen hanya karnuka shida suka tare ta tsakanin mota da ƙofar gida, suka yaga mata ƙafar wando har fata, mara lafiyar na ciki ba ya iya tashi. Ta je ta yi kwas, ta koyi harbi. Da ta zo zaɓen bindiga, mariƙin Mabry ya yi wa hannunta girma, Kessel ce ta zauna mata daidai. Sai ta zo shagon kofi ta tsaya a kan Orval.

"Baba Orval, in saya?"

Ya sha kunu, ya juya kofi, ya dubi rufi. Wanda ya zauna da kai a ɗakin matarka tana mutuwa ba ka iya ce masa a'a haka kawai. "Ba ni shekara guda," ya ce. "Bari ta kunyata kanta a gaban jama'a, kada a ce ƙiyayya ce."

Merle har da zubar da kofi don saurin zuwa kanti ya ɗauko masa sabuwar Kessel. Rhonda kuma ta ci gaba da zagayenta da gwangwanin feshin barkono a jaka, tana jira. Na ce mata shekara ta yi yawa, ta je ta sayi abinta. Ta ce a'a, in abin da zai tsaya tsakaninta da haƙoran kare ne, tana so ta ji daga bakin wanda bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kansa ba.

Shekarar nan mun sha tsegumin Kessel. Ta cika kaifin gefe, tana cin aljihu. Tana da wani wari. Tana sa masa ciwon ƙugu. Na duba aljihun da kaina, ko zare ɗaya bai tsinke ba, na kuma gaya masa a gaban mutane, ya ce ai ni tela ce, ba a tambaye ni ba.

Cikin watan Oktoba ya shigo shagona da riguna biyar a hannu. Ya ce in cire maɓallan in sa masa na ƙarfe masu dannawa, irin na masu kiwon shanu.

"Yaya, shekararka saba'in da tara. Yanzu za ka fara gayu?"

"Ke dai yi aikinki, uwar surutu."

Da zai ajiye rigunan na ga hannun. Gaɓoɓin yatsun dama sun kumbura kamar ƙullin igiya, manunin ya karkace ya ƙi miƙewa. Ya ga na gani, ya tura hannun a hammata. Na kawar da kai na karɓi rigunan. Amma tela ta san abin da ke raba namiji da maɓalli. Kuma na san abin da kowa ya sani a garin nan, cewa libarba mara nauyi kunamarta tauri gare ta, yatsa ɗaya ne zai juya gidan harsashin ya kuma ɗana ta a ja guda. Mutumin da maɓallin riga ya gagara, ban ga yadda zai yi wannan sau biyar a jere ba.

Ana saura mako biyu Kirsimeti na kai masa miyar kaza da rana. Na same shi a teburin kicin da tsohuwar Mabry ɗinsa, harsasanta a jere can gefe, yana auna firji. Yana ja, fuskarsa ta yi jawur. Sau uku ya ja kafin na ji ƙas sau ɗaya.

"Ba a sallama ne?" ya ce.

"Na yi. Kana can kana yaƙi da firji."

Na ajiye tukunyar na zauna. Na ce a ɗage gwajin zuwa bazara, ko sanyi ne. Ya ce ba sanyi ba ne, tun Agusta yake haka. Na ce to a ba Merle ya harba. Ya dube ni kamar na ce ya ba Merle buroshin haƙorinsa. Daga nan na faɗi abin da na zo da shi a raina, kuma a lokacin ko kunya ban ji ba.

"To in ta ƙi jawuwa, ka ce ta cije. Kessel ce fa. Wa zai musa maka? Ka kayar da Merle, ka rufe gwaji da hannunka, ka ce ka gaji. Ba wanda zai san komai."

"Ke za ki sani."

"Ni na san abubuwa da yawa a kan wandunan garin nan, ka taɓa jin na faɗa?"

Ya ɗan yi dariya yana murza yatsan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma wannan ya tsorata ni fiye da a ce ya kore ni. Na san abin da nake so in kare. Tun da Ardith ta tafi, abu biyu suka rage masa da ke fitar da shi daga gida: teburin kofi da wannan gwaji. Ina jin tausayinsa, kuma ina jin haushinsa da ya bari na ji tausayinsa.

Ranar sabuwar shekara mutum sun fi ashirin a gidansa, don labari ya zaga cewa yau ake yi wa Kessel hukunci. An ci wake, an ci burodin masara, wajen ƙarfe biyu na rana aka ɗunguma bayan garke. Iska na kaɗawa, sanyi na shiga ƙashi. Merle ya sa sabuwar hula, yana ta raba wa mutane audugar toshe kunne kamar shi ne ango. Rhonda ta taho kai tsaye daga aiki da kayan asibiti a ƙarƙashin kwat, ta tsaya kusa da ni.

Orval ya ja igiya ya sa kowa ya koma bayanta. Ya ciro bindigar, ta yi furu-furu da zare, har da ɓawon gyaɗa manne a mariƙin. Ya yi duk abin da ya saba, a hankali, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu biyu.

Na farko ya tashi. Ya ɗau lokaci, amma ya tashi, kututturen ya yi tsartuwar ƙura. Merle ya ce, "Ɗaya," da ƙarfi, kamar sauranmu ba mu iya ƙirga ba.

Na biyu ne ya ƙi. Ina kallon gidan harsashin ya fara juyawa, ya kai rabi, ya tsaya. Orval ya saki, ya sake ja. Jijiyar wuyansa ta fito. Ya sake, har sau uku, sannan ya sauke bindigar bakinta na kallon ƙasa.

"Ta cije," wani ya ce daga baya.

"Ai dama," in ji wani. Aka fara 'yar dariya, ana taɓa Merle a kafaɗa. Shi kuwa ya cire sabuwar hular yana juya ta a hannu. Ba wanda ya kalli hannun Orval. Ba ma sai ya yi ƙaryar ba, jama'a sun riga sun yi masa ita, abin da ya rage kawai ya ambaci masunta a koma cikin gida. Ya juyo ya dube ni. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na gyaɗa masa kai.

Sai Rhonda ta yi ajiyar zuciya. Ba da ƙarfi ta yi magana ba. "To shi ke nan, Baba. Gara da na jira. Sai in ci gaba da barkonona har in samu wadda ta dace da hannuna."

Orval ya tsaya yana kallon ƙafar wandonta. Ban san tsawon lokacin ba, amma har dariyar ta mutu don kanta.

"Zo nan, 'yata," ya ce. "Tsallako igiyar."

Ta tsallaka. Ya juya bindigar ya miƙa mata ta mariƙi, ya matsa gefe. "Saura huɗu. Ga kututture can."

"Baba, ai ta cije."

"Ke dai ja."

Ta gyara ƙafa yadda aka koya mata, ta ja. Ya tashi. Ta ja, ya tashi. Huɗun nan suka fita a jere ba gardama, biyu a kututture, biyu a ƙasar Oklahoma, wadda ba a taɓa kuskure ta ba. Da ƙarar ta lafa, ba ka jin komai sai shanu suna motsi a garke.

Orval ya juyo ya fuskanci mutane. Ya ɗaga hannun damansa sama, ya buɗe shi iyakar yadda zai buɗu, don kowa ya ga yatsun.

"Bindigar nan lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ta ci. Biyar cikin biyar. Ni ne na cije."

Shekara ashirin da wani abu Merle Dunaway yana jiran ranar nan. Na sha jin yana cewa in ta zo sai ya sa an buga a jarida. Ga ta ta zo, sai ga shi yana tsaye yana murƙushe hular da ya saya dominta.

"Sanyi ne, Orval," ya ce. "Ni ma yau da ƙyar na ɗaure takalmi."

"Kada ka yi mini ƙarya a gonata."

"To kawo ta kanti in sassauta maka wayar da ke sa kunamar tauri, ta yi laushi. Aikin minti goma ne."

"Shekara nawa ina gaya maka, wadda aka sassauta wa waya ita ce ke yin shiru ranar da ake nemanta? Yanzu don ni ne sai ta zama mai kyau?" Ya girgiza kai. "Wanda ba ya iya ja, in ya ɗauki bindiga, wanda zai ƙwace ta yake ɗaukar wa. Rhonda, gobe ki je wurin wannan tsohon ki sayi sabuwa. In ya tsawwala miki, ki zo ki gaya mini."

Rhonda ta buɗe bindigar, ta zubar da kwanson harsasan a tafinta, ta miƙa wa Merle bindigar. Sannan ta kama hannun Orval da hannu biyu tana duba gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta ce ranar Talata zai bi ta wurin likita ko yana so ko ba ya so. Ya ce ba ya so. Ta ce ba ta tambaye shi ba.

Mutane suka fara komawa cikin gida biyu-biyu, kowa ya ga wani abin kallo a ƙasa. Merle ya ce bari ya je ya ga ko kofi ya rage, ya tafi yana share hanci, wai iska ce. Aka bar ni da Orval a bakin igiya. Kunya ta ishe ni, don ni ce na so ya rufe shekara talatin na gaskiya da ƙarya guda, kuma ya san na san haka.

"Yaya," na ce, "maganar da na yi maka a kicin..."

"Miyar ta yi gishiri," ya ce. "Shi kaɗai na riƙe."

Muka kama hanyar gida a hankali. Bayan 'yan taku ya tsaya, ya shafa gefen wandonsa na dama, ya leƙa aljihun kamar wanda ya shiga ɗakin da aka kwashe kaya.

"Wynona, sauran mutane me suke sawa a nan?"

"Hannunsu, Yaya."

Ya dubi hannun, ya dubi aljihun. Sai da ya taimaka masa da na hagu kafin yatsun suka shiga. Muka ƙarasa gida a haka, ni ina kallon gefe don kada ya ga idona.